Jagorar Tsara Hoton Daji da Datse Shi a Dazukan Kaduna

Daji mai yawan bishiyoyi yana cikin wuraren da suka fi wuyar ɗauka a hoto, saboda abubuwan da ke cikinsa sun yi wa firam ɗaya yawa. Idan mutum ya tsaya a tsakiyar kurmi, idanunsa biyu ne suke nuna masa kusa da nesa, suna raba bishiyar da ke gabansa da wadda ke bayanta, hankalinsa kuma yana tsallake busassun rassa da ciyawar da bai damu da su ba. Kyamara kuwa ido ɗaya gare ta, kuma duk abin da ya shiga gabanta shimfiɗa shi take yi a fili guda ba tare da zaɓi ba. Wannan ne ya sa wurin da ya burge mutum da safe yakan koma tarin itatuwa a cukurkuɗe idan ya buɗe hoton da daddare. Saboda haka tsara hoton daji aikin ragewa ne, kuma mafi yawansa da ƙafa ake yin sa kafin a danna maɓalli. Datsewar gefunan hoto da ake yi daga baya a waya ko kwamfuta ƙarasawa ce kawai.

Mataki na farko: wuri da lokaci

Yawancin dajin Jihar Kaduna buɗaɗɗe ne, bishiyoyinsa suna da tazara a tsakaninsu, ƙasansu kuma ciyawa ce. Doka, kaɗanya, ɗorawa, maje, marke da maɗaci su ne aka fi gani, sai a bakin rafuka da ƙoramu inda itatuwa suke cunkushewa su zama kurmi. Wannan tazarar alheri ce ga mai koyo, domin ta rage masa rabin aikin. Idan aka gangara kudu, wajen duwatsun Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, ruwan sama ya fi yawa, daji ya fi duhu, aikin kuma ya fi wuya. Akwai kuma dazukan da aka shuka da hannu, irin na bishiyar turare a wajen Afaka da na itacen katako da ake kira tik a Nimbia, waɗanda jerinsu yake ba da layuka miƙaƙƙu. Wanda ba ya son fita daga gari yana iya fara gwaji a lambun Ƙofar Gamji da ke bakin Kogin Kaduna, ko a tsoffin titunan da maɗaci da mangwaro suka yi wa rumfa.

Maganar tsaro tana gaba da maganar hoto. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yana yankin da ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, don haka babu hoton da ya isa a shiga can dominsa ba tare da izinin hukuma da sahihin labarin halin da ake ciki ba. A wajen Afaka akwai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, kada a kuskura a juya kyamara wajen katangarta. Ko a ƙauyen da ke zaune lafiya, a fara zuwa wurin mai unguwa a gaishe shi, a ce masa, “Ranka ya daɗe, hoton itatuwa muka zo ɗauka a bakin rafin nan, ko za a haɗa mu da yaro ya raka mu?” Yaron nan zai san inda tsohuwar tsamiya take, da gonar da ba a takawa, da inda macizai suka fi kwanciya.

Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi a arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana hawa da sauri. Tana fitowa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura, gwargwadon watan da ake ciki, kuma kafin hantsi haskenta ya riga ya yi kaushi, ya tsattsaga ƙasan daji da ɗigo-ɗigon fari da baƙi waɗanda suke ruɗa ido. Ranar da gari ya yi lumshi a watan Agusta, musamman bayan an ɗauke ruwa, ta fi kowace rana dacewa da cikin kurmi, domin haske yana sauka daidai a ko'ina, ɓawon itace kuma ya jiƙe ya yi duhu. Hazon hunturu na Disamba da Janairu, wanda direbobi ba sa so, shi ne babban mataimakin mai hoton daji, saboda yana dusashe bishiyoyin nesa ya bar na kusa da ƙarfinsu, sai hoto ya kasu hawa-hawa. Bayan ƙunar daji kuwa, a ƙarshen rani, doka tana fitar da jan toho a saman baƙar ƙasa, kuma a ganina babu launin da ya kai wannan kyau a duk dazukanmu.

Mataki na biyu: gano abin da za a ɗauka

Idan ka isa, bar kyamara a jaka ka yi tafiya a hankali. Abin da kake nema shi ne abin da ya bambanta da na kewayensa: marke mai hasken ɓawo a tsakanin baƙaƙen itatuwa, gurjiya da ta zubar da ganye ta yi jan fure, bishiya ɗaya da ta karkace a cikin miƙaƙƙu, suri a gindin kaɗanya, ko turbar shanu da ta lanƙwasa ta ɓace. Sa'ad da wani abu ya tsayar da kai, faɗa wa kanka sunansa a jimla ɗaya, kamar “gurjiyar nan da duhun kurmin da ke bayanta.” Idan jimlar ta ɗauki “da” uku ko huɗu, to hotuna biyu ko uku ne kake ƙoƙarin cusawa a firam ɗaya.

Akwai tsohuwar dabara mai sauƙi. A yanki kwali, a huda taga a tsakiyarsa mai faɗin santimita 6 da tsawon santimita 4, a rufe ido ɗaya a leƙa ta cikinta. Rufe idon yana kawar da zurfin da idanu biyu suke bayarwa, sai ka ga dajin a shimfiɗe kamar yadda kyamara za ta gan shi. Kusanto da kwalin ga fuska yana nuna abin da lens mai faɗi zai kwasa (lens shi ne gilashin idon kyamara), miƙa hannu da shi kuma yana nuna abin da dogon lens zai tsinto.

Mataki na uku: raba bishiyoyi da juna

A nan ne hoton daji yake gyaruwa ko ya lalace, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ɗauki misalin doka uku da ke tsaye a gabanka, ta farko tana da nisan taku goma, ta biyu taku ashirin, ta uku kuma can baya. Daga inda ka fara tsayawa, ta biyu ta laɓe rabi a bayan ta farko, har jikinsu ya haɗe ya zama wani ƙaton abu mai kai biyu, reshen ta uku kuma ya fito kamar daga cikin ta farko ya tsiro. Yanzu matsa hagu taku ɗaya kana kallon allon kyamara. Bishiyar kusa za ta gusa dama da yawa, ta tsakiya kaɗan, ta nesa kuwa kusan ba za ta motsa ba, domin abin da ke kusa ya fi saurin canja wuri a ido idan mai kallo ya motsa. Sai wani siririn haske ya buɗe tsakanin ta farko da ta biyu. Ƙara rabin taku, hasken ya faɗaɗa, amma wataƙila ta biyu ta fara hawa kan ta uku. Wurin da kake nema yana tsakanin waɗannan tsayuwa biyu, kuma sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba, har ya zama karkata kafaɗa kawai ya isa.

Ƙa'idar ita ce, ko dai a raba bishiyoyi biyu sarai yadda za a ga tazara a tsakaninsu tun daga gindi har zuwa inda rassa suka fara, ko kuma a bar ɗaya ta rufe ɗayar sosai yadda mai kallo zai gane wacce ce a gaba. Abin da ba a so shi ne gefen wannan ya shafi gefen waccan da ƙyar, domin ido yana maƙalewa a wurin ya kasa wucewa. Ba za ka iya raba kowace bishiya a daji ba, kuma ba a bukatar haka. Raba manya uku ko huɗu da suke ɗauke da hoton, sauran su narke a baya. Tazarar ma kada ta zama daidai wa daida a ko'ina, sai fa idan jerin turare kake ɗauka, inda daidaiton shi ne abin kallo.

Bayan hagu da dama, gwada sama da ƙasa. Idan ka durƙusa, ciyawar gaba takan tashi ta rufe gindin bishiyoyi, wanda a lokacin kaka, da gamba ta yi tsawo, yakan sa itatuwa su zama kamar ba su da inda suka tsaya. Idan ka hau kan dutse ko tudu, ƙasan dajin yana buɗewa, gindin kowace bishiya ya sami mazauninsa a wani hawa dabam, kuma wannan kaɗai yana nuna wa mai kallo nisan da ke tsakaninsu.

Saura gaba da baya. Girman bishiyar kusa idan aka gwada ta da ta nesa ya dogara ne ga inda ka tsaya, lens yana yanke yawan abin da zai shiga ne kawai. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da lens na milimita 24 zuwa 26, mai faɗi ƙwarai, kuma a daji tana kwaso sama da ƙasa da tarkacen gefe duka. Ja da baya taku ashirin, ka yi amfani da lens na milimita 70 zuwa 200, ko kyamarar waya mai alamar 2x ko 3x idan lens ne na daban. Bishiyoyin za su matso kusa da juna a ido, girmansu ya yi kusan ɗaya, abin da ke bayansu kuma ya ragu zuwa ɗan yanki wanda za ka iya zaɓa. Ka nemi baya mai launi ɗaya, kamar inuwar kurmi, gefen dutse ko farin hazo. Zum da ake yi da yatsu biyu a allon waya fiye da ƙarfin lens ɗinta datsewa ce ake yi tun a wurin, kuma ya fi kyau a bar ta sai an koma gida.

Mataki na huɗu: sararin sama da miƙewar itatuwa

Ido yana fara zuwa wurin da ya fi haske a hoto, kuma a cikin daji wurin nan yawanci farin sama ne da ke leƙowa ta tsakanin ganye. Idan ba gajimare ko hadari ne abin da kake ɗauka ba, sauke kyamara har saman ya fita, ko da za ka yanke kawunan bishiyoyi. Masu koyo suna jin nauyin yanke bishiya, alhali mai kallo ya san tana ci gaba a sama, kuma jikin itace da ya ratsa firam daga ƙasa ya fice ta sama yakan fi nuna tsawo a kan wanda aka matse shi duka a ciki.

Riƙe kyamara a miƙe kuma. Da zarar ka ɗaga bakinta sama, bishiyoyin gefe za su karkato ciki kamar za su faɗi, kuma lens mai faɗi yana ƙara tsananta wannan. Ko dai a tsaya nesa a riƙe ta daidai, ko kuma a tsaya a gindi a kalli sama gaba ɗaya yadda kowa zai san da gangan aka yi.

Mataki na biyar: ajiye abubuwa a cikin firam

Kunna layukan da suke raba allo gida tara, biyu a tsaye biyu a kwance. Ajiye babbar bishiya a kan ɗaya daga cikin layukan tsaye mafari ne mai kyau, amma ba doka ba ce da ba a karyawa. Kuka ko rimi da ke tsaye shi kaɗai, mai rassa daidai hagu da dama, yakan fi zama daram a tsakiya. Abin da ya fi layukan muhimmanci shi ne nauyi. Idan ƙaton maɗaci mai duhu ya cika dama, hagu yana bukatar wani abu ƙarami da zai amsa masa, ko siririyar bishiya mai haske, ko buɗaɗɗen wuri da ido zai huta. Bishiyar da ta karkata a ba ta fili a ɓangaren da ta karkata. Turba ko ƙorama ta shigo daga ƙasan hoto ta nufi ciki, kada ta fice ta gefe ta ja idon mai kallo waje.

Mataki na shida: duba gefuna kafin dannawa

Kafin ka danna, bi gefunan firam huɗu da ido, kusurwa zuwa kusurwa. A nan ake kama reshen da ya leƙo ba a san daga ina ba, da rabin jikin bishiya da ya manne da gefe, da kututturen da masu gawayi suka bari, da baƙar ledar da iska ta rataye a ƙaya. Ledar dai a je a cire ta da hannu, ya fi sauƙi a kan gogewa a kwamfuta. Sannan a bar ɗan sarari a kowane gefe fiye da yadda ake so, saboda daidaita karkata daga baya yana cin gefuna.

A saita fokas, wato inda hoto zai fi fitowa tsaf, a jikin babbar bishiya. Ƙofar haske ta f/8 zuwa f/11 tana fitar da yawancin dajin tsaf, f/4 kuma tana dusashe baya idan babu hazon da zai yi wannan aikin. Cikin kurmi akwai duhu, don haka ƙafar kyamara tana da amfani, kuma amfaninta na biyu ya fi na farko: tana riƙe maka wurin nan mai faɗin tafin hannu da ka sha wuya kafin ka samu. Idan da hannu kake ɗauka da lens na milimita 200, kada saurin ɗauka ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Gilashin rage ƙyalli yana kashe walƙiyar jiƙaƙƙen ganye ya fito da korensa, amma yana cinye rabin hasken ko fiye. Mai waya ya saita ta a siffar 4:3, wato faɗi kashi huɗu, tsawo kashi uku, domin a yawancin wayoyi hoton da yake cika allo an riga an yanke masa sama da ƙasa. A ɗauki hoto a kwance, a juya kyamara a ɗauki wani a tsaye.

Mataki na bakwai: datsewa

Bafaranshen nan mai ɗaukar hoto, Henri Cartier-Bresson, ya yi suna wajen ƙin a datse hotunansa, har ana buga su da baƙin layi a kewaye don a nuna firam ɗin cikakke ne. Horo ne mai kyau ga ido, amma ban ga dalilin ɗaure mai hoton daji da shi ba, tunda siffar 3:2 ta yawancin kyamarori gado ce daga fim mai milimita 36 da 24, ba don bishiyoyi aka zaɓe ta ba. Sai dai a san iyakar datsewa. Tela yana iya rage tsawon riga, amma ba ya ƙara yadin da ba a kawo masa ba. Haka datsewa take kawar da reshen gefe da farin sama, amma ba ta raba bishiyoyi biyu da suka haɗe a tsakiya.

A manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom, fara da daidaita karkata. A daji babu layin sararin sama da za a bi, bishiyoyi kuma ba duka suke miƙe ba, don haka a duba yawancinsu a tare, ko saman ruwa idan akwai. Daga nan a zaɓi siffa gwargwadon abin da ke cikin hoton. Murabba'i, wato 1:1, yana dacewa da bishiya ɗaya ko saƙar rassa. Siffar 4:5 a tsaye ta fi 2:3 dacewa da yawancin hotunan daji, saboda 2:3 a tsaye takan bar ragowar sama ko ƙasa marar amfani. Doguwar siffa ta 16:9 kuwa ta jerin itatuwa ce a cikin hazo, inda ido zai yi tafiya daga wannan gefe zuwa wancan.

Sannan a ja gefuna ɗaya bayan ɗaya. Bishiyar da ke bakin firam, ko a shigo da ita duka tare da ɗan sarari a bayanta, ko a fitar da ita gaba ɗaya, ko a yanke ta da kauri yadda za ta zama bango ga hoton. Siririn tsagin itace a gefe shi ne mafi muni. A ƙasa, kada layin yanka ya shafi gindin bishiya daidai inda ta taɓa ƙasa, a bar mata wurin tsayawa ko a yanke can sama da gindin. A sama, a guji yankewa a daidai inda jiki ya rabu biyu, a hau sama da mararrabar ko a sauka ƙasa da ita. Idan akwai farin rami a kusurwa, ja gefen har ya fita, sannan ka duba ko nauyin hoton bai koma ɓangare ɗaya ba, domin kowace datsewa tana gusar da babbar bishiya daga inda ka ajiye ta. Don gwaji, ƙanƙanta hoton ya zama kamar kan sarki, ko ka juya shi ƙasa a sama. Duk abin da ya fara jan idonka a haka, shi ne zai fara jan idon baƙo.

Datsewa tana da farashi, kuma lissafinsa a fili yake. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, megafiksel ɗaya kuma fiksel miliyan ɗaya ne. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 a faɗi da 4000 a tsawo. Murabba'i yana barin 4000 da 4000, wato megafiksel 16, siffar 16:9 kuma 6000 da 3375, kusan 20. Idan ka ciro 4:5 a tsaye daga hoton da aka ɗauka a kwance, 3200 da 4000 za su rage, wato 12.8, alhali da ka juya kyamarar tun a daji da ka sami 4000 da 5000, wato 20. Rage rabin faɗi da rabin tsawo kuwa kashi ɗaya cikin huɗu yake bari, megafiksel 6 kacal. Ganye da ƙananan rassa su ne suke fara dagulewa idan fiksel ya yi kaɗan, don haka hoton daji ba ya jure datsewa mai yawa kamar hoton fuska.

Mataki na takwas: fitar da hoton

Ajiye asalin hoton ba tare da taɓawa ba, kowace datsewa a yi ta a kwafi. Idan za a kai shi wanki, a tambayi girman takarda tun da wuri: inci 4 da 6 ko 8 da 12 sun dace da 3:2, inci 8 da 10 kuma da 4:5, amma 5 da 7 da takardar A4 ba su dace da ko ɗaya ba. Datse shi da kanka zuwa siffar takardar, in ba haka ba na'urar situdiyo za ta yanke gefen da ka daɗe kana lallaɓawa. Bugu mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci, wato 2400 da 3000 ga takarda mai inci 8 da 10, kuma a bar ɗan sarari saboda bakin firam ɗin katako yana rufe kaɗan. Instagram yana karɓar 4:5 a tsaye, sitatus na WhatsApp kuma 9:16 ne, don haka hoton kwance zai fito ƙarami a tsakiyar allo. Idan za ka tura wa mai wanki ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi ta rage masa fiksel.